Yadda ake tattara ƙurar sararin samaniya a kan rufin gida

Irin ƙwayar ƙurar da ta lotsa ɗaya daga cikin madubai 18 na James Webb, na'urar hangen nesa da ke can sararin samaniya, a watan Mayun 2022 tana faɗowa kan rufinmu ma. A duniyar wata, inda babu iska, takan daki dutse ta bar ɗan rami. A nan kuwa tana shigowa da gudun aƙalla kilomita 11 a daƙiƙa, iska ta narkar da ita, ta dunƙule, ta sauko a hankali.

Nemi rufin kankare mai faɗi, irin na benayen Abuja, wanda aka daɗe ba a share ba. Kwano mai gangara ruwan damina na wanke shi, sai dai ka duba bakin indararo. Share lakar da ta taru a kusurwoyi, ka wanke ta a bokiti da omo har ruwan ya yi garau, sannan ka shanya. Sa maganadisu mai ƙarfi cikin leda ka bi kanta; in ka zare shi, abin da ya kama zai zube a faranti. Ba leda, sai ka wuni kana kankarewa. Tace da rariya biyu, ka riƙe abin da ke tsakanin milimita 0.2 da 0.4.

Wahalar tana wajen tantancewa. A ƙarƙashin madubin da ke ƙara girma sau 40 za ka ga ƙwallaye birjik, kusan dukkansu na nan ƙasa ne: tartsatsin walda da na injin yankan ƙarfe. A Jos ga kuma baƙin yashin wuraren haƙar kuza, amma shi yana da kusurwoyi. Kada ƙyalli ya ruɗe ka. Ta gaske galibi baƙa ce, ta ɗan yi siffar ƙwai, da siraran layuka a jikinta, wani lokaci da ɗigon ƙarfe mai nikel a gefe guda. Ɗauke ta da jiƙaƙƙen tsinken sakace.

A binciken da Jon Larsen da Matthew Genge, masu nazarin irin wannan ƙura, suka fitar a 2017, kilo 300 na lakar rufi ne ya ba da ƙwayoyi kusan 500, wato abin da kowane kilo ya bayar bai kai ƙwaya biyu ba. Tabbatarwa kuwa sai a ɗakin gwaji mai madubin lantarki.