Daga Damagaram zuwa Pari: ku daina ƙirga awa biyar

Mako biyu ke nan da na zo hutu gida, samari uku sun same ni a Zango da tambaya iri ɗaya: "Yaya, awa nawa ne zuwa Faransa?" Kowannensu ya riga ya duba a waya ya ga awa 5 da rabi. Haka ne, daga filin jirgin Diori Hamani na Yamai zuwa Charles de Gaulle na Pari kusan kilomita 4,000 ne, arewa sak. Sai dai tun 2023 aka dakatar da jirgin da ke yin wannan tafiya kai tsaye.

Hanyar Yamai kun san ta: kusan kilomita 900 ta Maraɗi, Ƙonni da Dosso, yini cur a mota. Ku isa da kwana biyu a hannu.

Inda ake kuka shi ne wurin canjin jirgi. In ta Kazabalanka, a Maroko, za ku bi, awa 3 da rabi ne, sai jira, sai wasu awa 3 zuwa Pari. Lokacin da ke rubuce a tikiti kuwa na garin da jirgin zai tashi ko ya sauka ne, ba agogon Damagaram ba. Faransa tana gaba da mu da awa ɗaya daga ƙarshen Maris zuwa ƙarshen Oktoba, Maroko kuma tana mayar da agogonta baya da awa ɗaya a watan azumi.

Shekarar da na tafi, mai sayar da tikiti ya yankar mini guda biyu na kamfanoni dabam-dabam, ya ce ya fi sauƙi. Jirgin farko ya makara. Kafin in karɓo jakata in sake shiga layi, an rufe ƙofa. Kamfani na biyu suka ce ba ruwansu da makarar wani. Kuɗin hayar ɗaki na wata biyu da mahaifiyata ta haɗa mini, su na zuba na sayi sabon tikiti, na kwana a kujera cikin rigar shadda, sanyi na ratsa ni. Da tikiti ɗaya ne tun daga Yamai har Pari, kamfanin ne zai nema mini wani jirgin, kayana kuma su wuce da kansu. Ƙannena, don Allah ku tambaya kafin ku biya.

Dattijon da ya zo tarbata, ɗan unguwar Birni ta Damagaram ne, ya jira har dare, washegari ya bar aikinsa ya dawo. Mutanenmu a can haka suke, ba sa barin baƙo a titi. Shi ya sa raina ke ɓaci in yaro ya aiko saƙon murya, "Baba, gobe ina tafe," shi ke nan. Wane jirgi? Ƙarfe nawa? Pari tana da filin jirgin Charles de Gaulle a arewa da na Orly a kudu, tsakaninsu tafiyar awa guda ce ko fiye. Ku ɗauki hoton tikitin gaba ɗaya ku tura wa wanda zai tarbe ku tun kuna Yamai.