Yadda ake toshe ramin tsatsa a jikin tsohuwar kat-kat

A ƙasa mai fari irin ta Adar, inda damina ba ta wuce wata uku zuwa huɗu, ya kamata a ce tsatsa ba ta da wurin zama a jikin mota, amma duk wanda ya leƙa ƙarƙashin tsofaffin kat-kat, wato motocin da inji yake juya tayoyinsu huɗu duka, masu zirga-zirga tsakanin Tawa da Abalak da Cintabaraden ya san abin ba haka yake ba. Da yawa daga cikin waɗannan motoci sun yi shekaru a Turai kafin su sauka a tashar jirgin ruwa ta Kwatano, a can kuwa ana watsa gishiri a kan hanya lokacin sanyi domin narkar da ƙanƙara, kuma shi ne yake fara cin ƙarfen daga ciki. Da suka iso nan sai suka tarar da wani rabon: laka da take maƙalewa a saman taya ta riƙe danshi, fitsarin dabbobin da ake ɗauka ranar kasuwa, buhunan gishiri da na kanwa, da ruwan batir da yake tsiyaya a kan mazauninsa. Saboda haka wanda zai toshe rami ya fara sanin ta inda ruwa yake shiga da inda yake kwana, in ba haka ba damina biyu ta isa ta dawo masa da aikin.

A fara da wanke motar sosai, a cire tabarmar ƙasa da kujeru, a bar ta ta bushe. Sai a ɗauki ƙaramar guduma da ƙarfe mai tsini a bi wuraren da aka san tsatsa tana so: inda direba yake ajiye ƙafa, ƙasan ƙofofi, bakin taya, gefen gilashin gaba, magudanar ruwa ta rufi da mazaunin batir. Ƙarfe mai lafiya yana ba da ƙara mai kaifi, wanda ya ruɓe kuwa sautinsa a mace yake, kuma tsini yana shigarsa ba da wahala ba. Inda fenti ya kumbura ya yi ƙuraje, ramin ya riga ya samu a ƙarƙashi, fentin ne kawai yake rufe shi. Maganaɗisun tsohuwar lasifika yana da amfani a nan: in aka ɗora shi a jikin mota ya ƙi kamawa, to wani ya taɓa cika wurin da mastik, wato kwaɓin da ake cike lotsawar jikin mota da shi, ya shafe da fenti. Wannan gwajin ba ya aiki a kan Land Rover, domin yawancin jikinta alminiyam ne, kodayake shasinta da bangon da ke raba inji da mazaunin direba ƙarfe ne, kuma su ne suke ruɓewa.

Akwai inda ya kamata a dakata. Idan tsatsar ta ci shasi, ko wurin da aka ɗaure sifirin, ko inda jikin motar yake zaune a kan shasi, wannan ya wuce faci, aiki ne na gwanin walda da ƙarfe mai kauri, domin a nan ne nauyin mota da kayanta yake sauka duk lokacin da ta faɗa rami a hanyar Agadas.

Babban aikin yana wurin yanka, kuma a nan ne mutane suka fi yin rowa. A gurje fentin da ke kewaye da ramin har sai farin ƙarfe ya bayyana ta kowane gefe, sannan a ja layi kamar santimita 2 a cikin ƙarfe mai lafiya, a yanke da injin yankan ƙarfe. Ramin da bai fi kwabo ba a ido yakan zama kamar tafin hannu idan aka gama, kuma mai mota yakan ji zafin ganin haka, amma ƙarfen da tsatsa ta sirance ba ya riƙe walda, da wuta ta taɓa shi sai ya huje. A yanka da layi madaidaici, kusurwoyin kuma a ɗan zagaye su, domin zafi yana taruwa a kusurwa mai tsini ya ƙona ta. Bayan an buɗe wurin a leƙa ciki da tocila, a kwashe yashin da ya taru, a goge tsatsar da ta rage da burushin waya.

Facin ya zama kaurinsa ɗaya da na wurin da aka yanke. Jikin irin waɗannan motoci yakan kai milimita 0.8 zuwa 1, ƙasan motar kuma ya ɗan fi haka. Mafi sauƙi shi ne a samo tsohuwar ƙofa ko murfin inji na wata mota daga masu sayar da tsofaffin ƙarafa, a yanko daga inda yake da lafiya. Kada a yi amfani da kwanon rufin ɗaki: ya cika siranta, kuma sinadarin da aka lulluɓe shi da shi yana fitar da farin hayaƙi mai sa zazzaɓi idan wuta ta taɓa shi. A ɗora kwali a bayan ramin a zana siffarsa, a yanke, a mayar da zanen kan ƙarfe, sannan a lanƙwasa da guduma a kan guntun bututu ko itace har ya ɗauki siffar wurin. Facin da ya shiga ramin baki da baki ya fi wanda aka ɗora a kai, domin tsakanin ƙarfe biyu da suka hau juna ruwa yake samun maɓoya.

Kafin a kunna wuta a cire wayar batir, a duba bayan wurin ko akwai tiyon mai, wayoyin lantarki, soso ko roba, a kuma ajiye bokitin ruwa da jiƙaƙƙen tsumma kusa. In aikin yana kusa da tankin mai, a sauke tankin gaba ɗaya a kai shi nesa. Tankin da babu mai a ciki ya fi cikakke hatsari, saboda tururin da ke cikinsa ne yake fashewa.

Waldar lantarki ta sanda, wadda ake haɗa ƙofofin gida da ita, ta yi wa jikin mota ƙarfi. Injin waldar MIG, wanda yake turo siririyar waya da kansa, mai waya ta milimita 0.6 ko 0.8, shi ya fi dacewa, inda babu shi kuma waldar gas tana yi, muddin mai yi yana da haƙuri, domin zafinta yana bazuwa ya murɗe ƙarfe. Ko da wanne za a yi, ba a jan walda a layi ɗaya. A ɗiga ɗigo a kusurwoyi huɗu, a duba ko facin ya zauna daidai, sannan a riƙa ɗigawa nan da can, ana tsallakawa daga wannan gefe zuwa wancan, ana jira wurin ya huce har hannu ya iya taɓa shi, har ɗigon su haɗu su zama layi. Idan an gama a gurje tudun waldar a hankali, sai wani ya haska tocila daga baya: duk inda haske ya ɓullo ƙaramin huji ne, a koma a cike shi.

Mastik yana zuwa ne bayan ƙarfe ya rufe ramin, aikinsa daidaita fuska kawai, kuma kaurinsa kada ya wuce milimita 3. Wanda ya cusa raga ko takarda a rami ya shafe da mastik ya yi gyaran sayarwa ne, domin mastik yana shan ruwa ta baya, jijjigar hanyar daji kuma tana tsaga shi. A zafin bazarar Tawa yana daskarewa cikin ƴan mintuna, don haka a riƙa kwaɓa kaɗan kaɗan, a inuwa. A gurje da sanfefa mai lamba 80, a bi da 180, a ƙare da 320 ko 400, sannan a shafa fentin share fage mai hana tsatsa kafin fentin launi. Feshin fenti ya fi kyau da sassafe, bayan an yayyafa ruwa a ƙasa, musamman lokacin hunturu da ƙura take yawo.

Gefen baya na facin, wanda ido ba ya gani, shi ne wutar walda ta bari tsirara, kuma daga can sabuwar tsatsa take farawa. A shafe shi da fentin hana tsatsa, a bi layin waldar da abin liƙe haɗi. Inda hannu ba ya kaiwa, kamar cikin ƙofa, a fesa kakin da aka yi domin wannan aiki. Baƙin man inji da wasu suke zubawa yana korar ruwa na ɗan lokaci, amma yana tara yashi. A ƙarshe a zura waya a ƙananan hujin da ke ƙasan kowace ƙofa a buɗe su, a canza robar gilashi in ta tsage, a kuma sa tiren roba ƙarƙashin batir kafin a mayar da shi.