Yadda na gyara jinkirin buɗewar shafi a waya

Shafukan kayan wani shagon intanet sun fara zamewa ƙasa a sakamakon binciken Google, alhali ba a taɓa rubutunsu ba. Da na leƙa Search Console, manhajar Google mai nuna halin da shafuka suke ciki a bincike, sai ga ja, alamar matsala, a ɓangaren waya: babban hoton da ke saman shafi yana cin kusan daƙiƙa 5 kafin ya fito. Wannan shi ne ma'aunin LCP, wato lokacin da abu mafi girma a saman shafi yake ɗauka kafin ya bayyana, kuma Google na so kada ya wuce daƙiƙa 2.5.

PageSpeed Insights, manhajar Google mai auna saurin shafi, ya tona abu biyu. Hoton ɗanye ne daga kyamarar waya, faɗinsa fiksel 4000, nauyinsa kusan megabait 3. Na rage shi zuwa fiksel 1200, na mai da shi WebP (tsarin hoto mara nauyi) da manhajar matse hoto ta Squoosh, ya dawo ƙasa da kilobait 150.

Na biyun ne ya fi ɓuya. Wata ƙaramar manhaja da aka ɗora wa WordPress, manhajar da aka gina shafin da ita, ta liƙa wa kowane hoto loading="lazy", umarnin jinkirta ɗauko hoto, har da na saman. Umarnin nan na hotunan ƙasa ne, waɗanda sai an gangara ake ganinsu. A kan hoton sama kuwa, burauza sai ta tsaya ta gama tsara shafin kafin ta ɗauko shi. Na cire umarnin, na sa fetchpriority="high", mai gaya wa burauza ta ba hoton fifiko. Hoto ɗaya tak ake sa wa, domin in ka sa wa goma, babu wanda ya samu fifiko.

Na kuma rubuta faɗi da tsawon kowane hoto, don rubutu ya daina tsalle yayin buɗewa.

Kada ka sa ran ja ya koma kore washegari. Rahoton Search Console na tattara bayanan masu ziyara na kwana 28 ne, saboda haka sai an jira.