Yadda Ake Ziyartar Gidan Tarihin Kiɗan Jaz: Jagora ga Matafiyi daga Kabi da Zamfara

Duk wanda ya taɓa shiga Gidan Tarihi na Kanta da ke Argungu ya san irin ziyarar da muka saba da ita: ana bin ɗan jagora daga ɗaki zuwa ɗaki, ana kallon masu da takubba da tambura da kayan su, kuma ido ne ke ɗaukar nauyin aikin gaba ɗaya. Gidan tarihin jaz yana bukatar wani shiri na dabam, domin ainihin abin da aka adana a cikinsa sauti ne. Ƙahon busa da aka ajiye a akwatin gilashi tagulla ce kurum ga wanda bai taɓa jin abin da ya fito daga bakinta ba. Na rubuta wannan bayani ne saboda ɗalibanmu da ma'aikatanmu da karatu ko taro yake kai wa Amurka, waɗanda sau da yawa sukan wuce ta ƙofar irin waɗannan gidaje ba su shiga ba, alhali a ciki akwai tarihin 'yan'uwanmu baƙar fata da aka kwashe daga Afirka, da yadda suka mayar da baƙin cikinsu fasahar da duniya ta rusuna mata.

Shirin yana farawa ne tun kana gida, a Birnin Kebbi ko Gusau, mako biyu ko uku kafin tafiya, kuma kunnenka za ka shirya. Ka nemi kiɗan mutum uku daga manyan makaɗan jaz a intanet: Louis Armstrong na tsakanin 1925 da 1928, da Duke Ellington tare da babbar ƙungiyarsa, da Charlie Parker na shekarun 1940. Kada ka tara da yawa. Ka zaɓi ɗaya daga kowannensu ka yi ta maimaitawa har ka iya bin karin da bakinka, domin kiɗa uku da ka sani ciki da bai sun fi maka amfani a can fiye da ɗari da ka ji a guje.

A nan ne mutumin Zamfara da Kabi yake da wata riba da bai san yana da ita ba. Wanda ya tashi yana jin Musa Ɗanƙwairo Maradun da 'yan amshinsa ya san gindin waƙa, ya san yadda jagora yake barin gindin ya tafi ya kawo ɗiya, ya yi yabo, ya yi zambo, ya yi habaici, sannan 'yan karɓi su maido shi gida yayin da kotso bai fasa ba. Mafi yawan kiɗan jaz haka aka gina shi. Makaɗan sukan fara da karin da kowa ya sani, wanda shi ne gindin. Daga nan sai mai busa ɗaya ya fito ya ƙirƙiro nasa nan take a kan wannan zagayen, ya gama ya ba na kusa da shi, mai ganga da mai babban garaya na tsaye suna riƙe da awo a ƙasa, har a ƙarshe kowa ya dawo kan gindin a rufe. Zagayen yakan kasance mai gaɓa 12 idan na bulus (blues) ne, wato waƙar baƙin ciki ta baƙar fatar Amurka, ko mai gaɓa 32 a yawancin sanannun waƙoƙi. Idan ka iya gane lokacin da aka bar gindi da lokacin da aka komo masa, to ka sami mabuɗin ɗakin. Sai dai ina jan hankalinka da kada wannan kamanci ya ruɗe ka ka shiga gidan mutane kana cewa ai kiɗanmu ne suka ɗauka. An haifi jaz a birnin New Orleans da ke kudancin Amurka a farkon ƙarni na 20, daga haɗuwar kiɗan Afirka da waƙoƙin coci da kukan manoman auduga da badujalar soja irin ta Turai, kuma jikokin bayi ne suka haɗa shi da guminsu. Akwai dangantaka tsakaninmu da su, amma mallakar tasu ce.

Abu na biyu shi ne zaɓen gida, kuma garin da tafiya ta kai ka shi zai yanke hukunci. Idan kana da zaɓi, ni New Orleans nake fifitawa. Gidan tarihin jaz na garin yana cikin tsohon ginin da gwamnatin Amurka take buga kuɗin ƙarfe har zuwa 1909, a kan titin Esplanade, a bakin tsohuwar unguwar Faransawa. Faransawa ne suka kafa garin a 1718, kuma a 1803 Faransa ta sayar wa Amurka da yankin Louisiana baki ɗaya. Kafin ka shiga ginin, ka fara zuwa filin Congo Square da ke cikin lambun da aka sa wa sunan Armstrong, tafiyar ƙafa ce ba mai nisa ba. A wannan fili ne bayi suke taruwa ranar Lahadi su buga ganguna, su yi rawa, su sayar da ɗan abin da suka samu, a zamanin da aka hana su ganga a yawancin sassan Amurka. Yau abin da za ka fi gani shi ne dandamali da manyan itatuwa da allon bayani. Ka tsaya duk da haka, ko na minti goma ne, domin wanda ya fara da wannan fili yakan shiga gidan tarihin da wata natsuwa da ba ya samu idan daga mota ya faɗa ciki.

A cikin gidan, abin da kowa yake nema shi ne ƙaramin ƙahon konet da Armstrong ya koyi busa da shi. An haifi Armstrong a 1901 cikin talauci, kuma a daren shiga shekarar 1913 aka kama shi saboda ya harba bindiga sama, aka kai shi gidan horon yara baƙar fata, inda wani malami mai suna Peter Davis ya sa shi a ƙungiyar badujala. Ka matsa kusa da gilashin ka duba da kyau. Ƙahon ya dushe, ya sha hannu, ba shi da wani ado, kuma duk wanda ya taɓa ganin tsohuwar algaitar fada da yatsu suka cinye bakin ramukanta zai gane irin wannan tsufa. A nan kuma akwai saksofon, wani kayan busa, na makaɗi Sidney Bechet, da faifan garmaho na 1917 wanda ake ɗauka a matsayin faifan jaz na farko. Ka karanta bayanin da ke gefensa a tsanake, domin ƙungiyar da ta yi shi, Original Dixieland Jass Band, fararen fata ce zalla, alhali Buddy Bolden, wanda ake kirgawa cikin magabatan kiɗan, babu faifansa ko ɗaya da ya iso gare mu. Wannan ɗan allo yana ɗauke da rabin tarihin wariyar da makaɗan suka sha.

Wanda tafiya ta kai New York yana da gidan da Armstrong ya zauna a unguwar Corona ta yankin Queens, daga 1943 har rasuwarsa a 1971. Jirgin cikin gari mai lamba 7 yana sauke mutum kusa da wurin. Ba a shiga sai da ɗan jagora kuma cikin ƙaramin ayari, saboda haka ka yanki tikiti ta intanet tun kafin ranar. Gida ne matsakaici a unguwar ma'aikata, wanda matarsa Lucille ta saya, kuma abin da ya fi taɓa zuciya a cikinsa shi ne ɗakin karatunsa na bene. Armstrong ya shafe shekaru yana naɗar hirarsa da baƙi da iyali a kan faifan zare, ɗaruruwa, yana yi wa akwatunansu ado da hotunan da ya yanko ya liƙa da hannunsa. Ɗan jagora yakan kunna muryarsa a cikin ɗakin, sai ka ji maigidan yana dariya a inda kake tsaye, ga teburinsa, ga na'urar naɗin. A lokacin ka mayar da waya aljihu ka saurara. A tsallaken titi akwai sabuwar cibiya da aka buɗe a 2023 inda aka ajiye takardunsa da faya-fayansa. A Harlem ma akwai wani ƙaramin gidan tarihin jaz, wanda ya dace da mai ƙarancin lokaci.

A Kansas City ta jihar Missouri akwai American Jazz Museum da aka buɗe a 1997 a mahaɗar titi na 18 da Vine, inda aka ajiye farin saksofon na roba da Charlie Parker ya busa a Toronto a 1953. A Washington kuwa, gidan tarihin Amurka na Smithsonian yana riƙe da lanƙwasasshen ƙahon Dizzy Gillespie da tarin takardun Ellington, kuma shigarsa kyauta ce.

Ko wane gida ka shiga, ka ba shi aƙalla awa biyu, kuma ka raba lokacin yadda saurare zai rinjayi karatu. Kuskuren da na fi gani, wanda ni ma na yi a ziyarata ta farko, shi ne mutum ya tsaya yana karanta kowane allo daga sama har ƙasa, ya gaji tun bai kai rabi ba, sannan ya wuce wuraren saurare da sauri domin ƙafa ta yi nauyi. Ka juya tsarin. Duk inda ka ga abin sawa a kunne, ka zauna ka ji kiɗan daga farko har ƙarshe, ka bi mai busa ɗaya da kunnenka, sannan ka sake ji kana bin mai ganga kaɗai. Bayan haka ne allon zai yi maka ma'ana. Ka kuma bi tsarin shekaru idan gidan ya shimfiɗa shi haka, domin kiɗan ya yi hijira tare da mutanensa: daga kudu zuwa Chicago, inda Armstrong ya koma a 1922 wajen maigidansa King Oliver, daga nan zuwa New York, inda Ellington ya yi wasa a Cotton Club daga 1927, a zauren da baƙar fata suke kiɗa amma fararen fata ne suke zama su kalla.

Ka tafi da tambaya a bakinka, domin ma'aikatan irin waɗannan gidaje suna jin daɗin baƙon da ya zo da abin da yake son sani. Idan ka ga banjo, ka dubi fatar da aka ɗaure a bakinsa da yadda tsirkiyoyin suka hau jaki, ka tuna molo da gurmi da garaya, domin daga dangin waɗannan kayan kiɗa na Afirka ta Yamma ya samo asali. Ka tambaya game da rangadin Armstrong na 1960, shekarar 'yancin Nijeriya, lokacin da ya zo ƙasar nan har aka ɗauke shi hoto da Sardaunan Sakkwato Sa Ahmadu Bello a Kaduna. Ka tambaya game da Yusef Lateef, Musulmi mai busa saksofon da sarewa, wanda ya zauna a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya daga 1981 zuwa 1985 yana koyarwa yana kuma nazarin sarewar Fulani. Makaɗan jaz da dama sun karɓi Musulunci, irin su Art Blakey da Ahmad Jamal, kuma wannan babi ne da baƙo daga ƙasarmu ya fi kowa cancantar ya nemi a buɗe masa.

Akwai ladubba da ya kamata a kiyaye. Ba a taɓa kayan da aka baje, ba a haska fitilar kyamara a kan tsofaffin hotuna da takardu, kuma a wasu ɗakuna ɗaukar hoton ma an hana, saboda haka ka tambaya tukuna. Idan ka dace da wasan kai tsaye, domin gidan New Orleans da na Kansas City duka suna da zauren wasa, ka sani cewa a jaz ana tafa wa kowane mai busa da zarar ya gama nasa ɗan, ba sai an kai ƙarshen kiɗan ba. Ba a tashi a yi liƙi a goshi kamar yadda muke yi wa makaɗanmu. Idan kana son yin alheri, akwai akwati ko kwano da ake ajiyewa a gaba, ko ka sayi faifan makaɗin daga hannunsa bayan an tashi.

Ga Musulmi akwai abin lura guda biyu. Yawancin wasannin dare ana yin su ne a wuraren da ake sayar da giya, don haka wanda ba ya son zama a irin wannan wuri ya duba jadawalin gidan tarihin ya zaɓi wasan rana, wanda ya fi natsuwa kuma yana ba da damar fita a yi sallar La'asar a kan lokaci. Na biyun abinci ne. Shinkafa da jan wake, abincin da Armstrong yake ƙauna har yakan rufe wasiƙunsa da ambatonsa, shi ne abin alfaharin New Orleans, kuma mutumin Kabi da ya gan shi zai ji kamar ya dawo gida, amma galibi da naman alade ake dafa shi. Ka tambaya kafin ka sa cokali, haka ma miyar da suke kira gambo, ko kuma ka tsaya a kan kifi da jatan lande bayan ka tabbatar da abin da aka haɗa su da shi.

Game da lokaci, daga Yuni zuwa Nuwamba kakar guguwa ce a gaɓar tekun da ke kusa da New Orleans, kuma a cikinta ne guguwar Katrina ta 2005 ta yaye rufin wannan ginin na titin Esplanade. Zafin garin na gumi ne mai nauyi, wanda ya sha bamban da busasshen zafin bazararmu. Ƙarshen Afrilu zuwa farkon Mayu lokacin babban bikin jaz na garin ne, kuma 30 ga Afrilu ita ce ranar jaz ta duniya da UNESCO ta ware a 2011, sai dai masauki yakan yi tsada matuƙa a makonnin. Ka duba shafin gidan tarihin don sanin ranakun da yake rufe, ka kuma duba ƙa'idojin biza a shafin ofishin jakadancin Amurka, domin suna yawan sauyawa.

Wanda tafiyar ba ta yiwu masa ba, gidan Armstrong ya zuba tarin hotunansa da wasiƙunsa da faya-fayansa a intanet, kuma ana iya buɗe su daga Argungu ko Talatar Mafara da waya da ɗan data. Ka sa abin saurare a kunne bayan sallar Isha'i, lokacin da gari ya yi shiru, ka fara da faya-fayan zaren da ya naɗa a ɗakinsa na bene, sannan ka nemi hotunan rangadinsa na Afirka na 1960.