Kwamfuta ɗaya, miji da mata: yadda ake raba ta ba tare da leƙen asiri ba

Gyaran kwamfuta nake yi a Samaru, ba nisa da Jami'ar Ahmadu Bello, kuma akwai aikin da ba na karɓa ko nawa za a biya. Magidanci zai matso ya sassauta murya: "Malam, babu manhajar da za ka sa min in riƙa ganin abin da Hajiya take yi?" Mata ma sukan zo da irin wannan buƙata. Manhajar akwai ta, mai naɗe duk harafin da aka danna. Amma aya ta 12 a Suratul Hujurat ta hana bin diddigin sirrin mutane, sashe na 37 na Kundin Tsarin Mulkin 1999 ya kare sirrin wasiƙa da wayar ɗan ƙasa, Dokar Laifukan Intanet ta 2015 kuma ta haramta kutse ba izini. Banda haka, na kyauta da ake saukewa akwai ɓarayi a cikinsu, kalmar sirrin bankinka ce za ta fara fita.

Abin da nake yi wa ma'aurata shi ne raba musu asusu, su biyun suna zaune. A Windows ka shiga Settings, ka zaɓi Accounts, ka nemi wurin ƙara wani mai amfani. Kowa da sunansa da kalmar sirrinsa. In an kira salla ko za ka buɗe ƙofa, danna maɓallin Windows tare da L, allo ya kulle.

Rigimar da ta fi yawa daga Chrome take tasowa. Uwargida ta shiga Gmail ɗinta a burauzar maigida, ta yarda da Sync, mai haɗa bayanan wayarta da na kwamfutar, ba tare da ta kula ba, daga nan shafukan da ta buɗe a wayarta sai su riƙa bayyana a kwamfutar. Shi kuma ya danna Ctrl da H, ya ga jerin, zuciya ta ɗebe shi. Wallahi jerin nan ba hujja ba ne. Talla kan buɗe shafin caca ko na batsa da kanta. Ƙanin miji da ya zo daga harabar jami'ar ta Kongo yin furojet ya taɓa, yara sun taɓa, kuma jerin ba ya faɗin hannun wa ya danna. Na ga gidan da aka kwana ba a magana saboda shafin da tallar wasan yara ta buɗe. Ku fita daga asusun juna, kowa ya shiga nasa a ɓangarensa.

Incognito, wato tagar sirri ta Chrome da ake buɗewa da Ctrl da Shift da N, ba ya ajiye tarihi a kwamfutar, iyakarsa ke nan. In an riga an dasa manhajar leƙe, tana ganin komai.

Idan ke ce kike zargin ana bibiyarki, fara da WhatsApp a wayarki: ki buɗe Linked devices, duk na'urar da ba ki sani ba ki cire ta. Ki duba na'urorin da ke cikin asusunki na Google a ɓangaren tsaro. Kalmar sirri kuwa daga waya za ki canza ta, ba daga kwamfutar da kike zargi ba, sannan ki kunna tabbatarwa mai mataki biyu. In mai gidan mai saurin duka ne, kada ki goge komai tukuna. Ki fara sanar da waliyyinki ko wata babba da kika yarda da ita, domin yana ganin an cire zai gane kin sani.

Yara lamarinsu daban. A buɗe musu asusun yara ta Microsoft Family Safety, a ƙayyade lokaci da shafuka, a kuma gaya musu a fili cewa Baba da Mama suna gani.