Yadda ake tarbar ruwan Logon kafin ya iso ƙofar gida

Ruwan da ke cin gidajenmu a Kusuri, a arewacin Kamaru, iri biyu ne, kuma ba lokaci ɗaya suke zuwa ba. Na farko na sama ne, na watan Agusta, wanda ke sauka a kan baƙar lakar nan tamu da ba ta shan ruwa, ya rasa mafita ya kwanta a lungu. Maganinsa yashe kwata da lambatu tun watan Yuni, da daina zuba leda a ciki. Na biyu na kogi ne, kuma ba a nan aka yi shi ba. Kogin Logon daga tuddan Adamawa yake gangarowa, ya bi ta Mundu da Lai da Bongor. Kogin Shari kuwa daga Afirka ta Tsakiya ya biyo ta Sar, su haɗu a nan tsakaninmu da Njamena. Tafiyar makonni ce, shi ya sa kogi ke kai matuƙar cikarsa a ƙarshen Oktoba ko farkon Nuwamba, bayan damina ta ɗauke, mutane sun saki jiki. A Oktoban 2022 da unguwar Waliya ta Njamena ta nutse a tsallaken kogi, har gwamnatin Chadi ta kafa dokar ta-ɓaci, rana ce ake kwallawa a sama.

Ni magini ne, kuma abin da na fi roƙon maƙwabta da shi ba ya cin ko dala. Ku sami sanda mai ƙarfi ku kafa a bakin ruwa mafi kusa da unguwa, ku yi mata zane kowane faɗin yatsu huɗu. A sa mutum ɗaya ya riƙa dubawa bayan sallar asuba da bayan la'asar, ya gaya wa bulama. Saurin hawan shi ne labari, ba tsayin kaɗai ba. Idan jiya ya hau zane ɗaya, yau biyu, to ku lissafa kwana nawa ya rage ya kai dokin ƙofa. Wanda ke da ɗan'uwa a Bongor ko Yagwa ya riƙa kiransa, domin abin da suka gani yau shi ne baƙonmu na gaba.

Sannan ku zauna tun ruwa na nesa ku yanke magana: in ya taɓa zane kaza, mata da yara da tsofaffi sun tashi. A tsayar da gidan da za su sauka, da hanyar da za a bi, da mai kwalekwalen da za a kira. Shawarar da aka bari sai tsakar dare, ruwa na shigowa ɗaki, tsoro ne ke yanke ta.

Takardar haihuwa, katin ɗan ƙasa, takardar fili da littattafan makarantar yara, a naɗe su a leda biyu a rataye kusa da rufi. Buhunan dawa da shinkafa a ɗora a kan gado ko benci da aka ɗaga da bulo. Awaki da tumaki su riga kowa tafiya tudu, don su ne ke sa maigida ya ƙi fita.

Buhun tare ruwa ba a cika shi fal. Rabi ko ɗan fiye da rabi ya isa, a lanƙwasa bakinsa a ƙasa, a taka shi ya baje. A jera yadda muke jera bulo, na sama ya hau kan mahaɗar biyun ƙasa, kada layi ya zo a kan layi. Gindin ya yi faɗi kamar sau uku na tsayin da kuke so, ya riƙa tsukewa yana hawa. In akwai tamfol, a shimfiɗa ta ɓangaren ruwa a danne da wasu buhunan. Na sha ganin samari sun kwana suna aiki tuƙuru, sun tayar da siririn jeri mai tsayi, ruwa ya tura shi da hantsi.

Gadin shingen ƙasa mai tare kogi da dare ya fi komai muhimmanci, kuma ba gefen kogi kaɗai ake haskawa ba. Ku duba bayansa, ta wajen gidaje. Ruwa mai haske da ke tsatsowa a hankali, a sa masa ido. Amma in kun ga yana ɓuɓɓugowa da laka ko yashi, to cikin shingen yake ci. Kada ku toshe bakin ramin, zai ɓalle ta wani wuri. Ku kewaye shi da zoben buhuna, ku ɗaga har ruwan ya taru a ciki ya rage gudu ya daina fito da laka, sannan a sanar da hukuma nan take. Masu haƙar ƙasar shinge da rani don buga bulo, da masu fasa shi cikin dare don ruwa ya koma unguwar wasu, ina faɗa musu a gabansu: wannan haƙƙin rayuka ne, kuma Allah zai tambaya.

Ruwa mai gudu da ya wuce idon sawu, kamar santimita 15, yana iya kayar da babban mutum. Wanda ya kai gwiwa yana jan ƙaramar mota. Direbobi da 'yan babur masu zuwa Marwa su kiyaye wannan a bakin kowane mayo, wato kogin da ke ƙafewa da rani. Mayo Kaliyawo da Mayo Tsanaga kan kasance yashi zalla, sai ruwan da aka yi a duwatsun Mandara ya sauko farat ɗaya, ko ɗigo bai sauka inda kake ba. In ka ga ruwan ya yi ja, yana ɗauke da itace, ka jira. A gida kuma, a kashe wutar lantarki daga mita kafin ruwa ya kai soket, a riƙe sanda da tocila saboda macizai su ma tudu suke nema.

Idan ruwa ya ja baya, masai da rijiya sun riga sun gauraya, nan kwalara ke samun ƙofa. Ruwan sha a tafasa shi ko a sa ƙwayar tsarkake ruwa da ake bayarwa a asibiti. Wanda zawo ya kama, a haɗa lita 1 ta ruwa mai tsabta da ƙaramin cokali 6 na sukari da rabin ƙaramin cokali na gishiri, yana sha ana kan hanyar asibiti. Gidan sauro kuma kada a bar shi a cikin kayan da aka ɗaure.

Kada a yi gaggawar kwana a ɗakin ƙasa. Katangar da ta sha ruwa daga gindi take mutuwa, samanta na nan kamar lafiya lau. Ku danna gindin da babban yatsa. In ya lotsa, ko kun ga sabuwar tsaga a kusurwa, a tokare rufin a kwana a waje. Kafin a goge tabon da ruwa ya bari a bango, a buga ƙusa a daidai wurin. Da rani in za a sake gini, a tayar da tushe da gasasshen bulo ko na siminti har ya haura ƙusar da taƙi ɗaya, sannan a ɗora na ƙasa a kai. A cike daɓen ɗaki ya tashi, a ɗaga bakin masai da na rijiya su ma. Wanda kuɗinsa bai kai na gida duka ba, ya fara da ɗaki ɗaya, wanda yara ke kwana.