Yadda Ake Saita Madubin Bindigar Farauta a Yadi 25

Mafarauta da dama sun dame ni da tambayar yadda ake saita madubin hangen da ake ɗaurawa a kan bindiga, to ga matakan:

1. Cire harsashi, ka tabbatar bindigar ba komai a ciki.
2. Ɗaure kusoshin madubin tam.
3. Kafa takarda mai ɗigo a tsakiya, yadi 25 daga gare ka, tudun ƙasa a bayanta.
4. Ɗora bindigar kan buhun yashi. A tsaye hannu na rawa, asarar harsashi kawai za ka yi.
5. Hattara: bar tazarar inci 3 zuwa 4 tsakanin idonka da madubin, in ba haka ba sai ya fasa maka gira.
6. Harba sau 3 a kan ɗigon.
7. Auna daga tsakiyar ramukan ukun zuwa ɗigon.
8. Cire murafun maɓallan madubin, murɗa maɓallin sama don hawa ko sauka, na gefe don hagu ko dama. A nan ake yawan kuskure: in an rubuta 1/4 MOA a jikin maɓallin (wato ma'aunin yadda kowane ƙas na murɗawa ke gusar da harbi), gusar da inci 1 a yadi 25 ƙas 16 ne, ba 4 ba.
9. Bari bututun ya huce, ka sake harba 3.
10. In sun faɗa ɗigon, mayar da murafun maɓallan.